Ɓera Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Ribeirão Preto,
gonakin rake suna barci bayan tagar da ba a buɗewa.
Ni kaɗai ce a hawa na uku,
ni da ɓeraye ɗari biyu da ƙugin injin iska.
Na sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya,
na jawo keji na farko.

Waɗannan ba ɓerayen rumbu ba ne,
ba su taɓa satar ko ƙwayar masara ba.
Tun daga kakanninsu
aka cire musu harafi guda daga littafin gado,
kamar a zare zare ɗaya daga saƙa
a zauna a ga ta ina za ta warware.

Ta matsarmama take warwarewa.
'Yar jaka ce, da kaɗan ta fi ƙwayar shinkafa,
maƙale a gindin hanta.
Takan kumbura, ta yi jawur, bangonta ya saki,
ɗacin da aka ba ta ajiya ya fara yoyo,
ƙwayoyin cuta su bi jini yadda ambaliya ke bin lungu.
Sai gashi ya miƙe, ido ya ƙanƙance,
jiki ya yi sanyi kamar cokali.
Dakta Valdemar ya ce zazzaɓi ba ya ba shi tsoro,
sanyin nan shi ne sallama.

Mahaifiyata, Dona Zulmira, in tana gyaran kaza
takan riƙe numfashi idan wuƙa ta iso nan.
"Ondina, duba. Ɗigo ɗaya ya zuba,
tukunya duka ta tafi."
Shekara tara ke nan da tata ta fashe
a ƙaramin asibitin garinmu, wata Lahadi,
kafin likitan tiyata ya dawo daga kamun kifi.
Ban taɓa gaya wa kowa a nan ba.

Sai ga arba'in da bakwai.
'Yan'uwansa biyar sun tafi cikin kwana biyu,
shi kuwa yana zaune yana wanke fuska da hannu bibbiyu,
ya ci, ya sha, ya kama marfin keji yana lilo.
Giram ashirin da uku jiya, yau da huɗu.
Iolanda ta yi ihu har kofi ya malale a littafin awo.
Dakta ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.
Kwana uku ana magana ƙasa-ƙasa
kamar gidan da ake jiran haihuwa.
Ni ma na shiga lissafin da ya fi ƙarfina:
da abin da ke jikin wannan yana cikin kwalba
a waccan Lahadi...

Aka yanki bakin wutsiyarsa, aka kai gwaji.
Da yamma takarda ta dawo:
harafinsa na nan daram, ba wanda ya taɓa shi.
Ɓera ne kawai, irin na kowa.
Ni ce na huda kunnen hagu maimakon na dama
wata safiya cikin Maris, mura ta rufe mini kai.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Da ma sun yi.
Dakta ya ja layi ɗaya a kan lambar,
ya ce, "A rufe kejin nan kafin Juma'a."
Na san abin da rufewa take nufi.

Yau Alhamis.
Na ɗora shi a sikeli, ko da ba mai neman awon.
Ashirin da biyar.
Ɗuminsa ya ratsa safar hannu biyu ya iske ni,
zuciyarsa na bugu kamar yayyafi a kan kwano.
Ya sunsuni babban yatsana,
ya yi mini fitsari a tafi, ya nemi hanyar sauka.
A waje, motar farko ta masu saran rake ta wuce.
Na rubuta awon da fensir, can a gefen takarda,
inda layin Dakta bai kai ba.